Darussan da Cinikin Gida Ya Koya Mini a Tudun Wada

A Tudun Wadar Kaduna fili ya yi wuya. Duk mai son zama kusa da Kasuwar Barci ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha, tsohon gida zai saya, kuma tsohon gida ba ya rasa tarihi da masu haƙƙi a cikinsa. Da ni aka sayar da gidan mahaifinmu, daga baya na sayi wanda nake ciki, na kuma zauna shaida a cinikin wasu. Abin da zan faɗa a nan, yawancinsa sai da ya taɓa ni kafin na gane shi.

1. Gidan gado ba shi da mai sallamawa guda. Bayan rasuwar Baba, mu maza muka zauna a zaure muka yanke shawarar sayarwa. Aka yi tayi, babban wanmu ya sallama, har ya karɓi kafin alƙalami. Yayarmu da ke aure a Funtuwa a bakin maƙwabta ta ji labari. Da ta zo ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Yaya, ashe aure yana fitar da mutum daga gidan ubansa?" Aka rasa mai amsa mata. Ba don mugunta muka bar ta ba. Mun saba ne da ganin cewa maganar gida ta maza ce, alhali Alƙur'ani ya yanka wa 'ya mace kasonta, ya ba matar mamacin da ya bar 'ya'ya tumuni. Malamin da ya sasanta mu ya ƙara tuna mana da shufa'a: a mazhabar Malikiyya, idan wani ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan kuɗin ya karɓe shi daga hannun bare. Mai sayen bai yi laifin komai ba, amma kuɗinsa ya daɗe a ɗaure. Don haka idan aka kai ka gidan gado, ka ƙirga magada da kanka. Mata nawa mamacin ya bari? Akwai marayun da ba su balaga ba, kuma wa ke tsaya musu? Wanda ke nesa ya ba da wakilci a rubuce? In kotun shari'a ta raba gadon, a nuna maka takardar. In ba a raba ba, ka jira.

2. Takardar mai unguwa shaida ce, ba mallaka ba. Ina girmama masu unguwanni, su suka san iyakar kowane gida da rigimar da aka taɓa yi a kansa, kuma ba na shawartar kowa ya yi ciniki ba da saninsu ba. Sai dai tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar cikin birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, wanda satifiket ɗin C of O ke tabbatarwa, yawanci na shekara 99, kuma sauya shi zuwa sunan wani yana buƙatar amincewar gwamna. A Kaduna, hukumar KADGIS da aka kafa zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i ita ke riƙe da rajistar filaye. Can ake zuwa a bincika ko sunan da ke jikin takarda shi ne ke cikin rajista, ko kuma an jinginar da gidan a banki. Sannan a leƙa hukumar tsara birane ta KASUPDA a ji ko ginin yana da izini, ko ya ci hanya. Wanda ya ga yadda aka faɗaɗa titunan Kaduna tun daga 2019, ya ga yadda aka rushe tsohuwar Kasuwar Barci aka sake gina ta, ya san ranar da jan fenti ya hau bango, mai cikakkiyar takarda shi ke da bakin magana kan diyya. Yawancin gidajenmu na cikin lungu ba su da satifiket. Wannan bai hana saye ba, amma ya kamata ya rage farashi, kuma mai saye ya fara neman nasa tun bai tare ba.

3. A damina ake duba gida. Da rani na ga gidan da nake ciki, an yi masa sabon fenti, ya shiga raina. Watan Agusta ne ya nuna mini inda kwano ke yoyo da yadda kwatar maƙwabta ke dawowa tsakar gida. Ka je bayan an ɗauke ruwa. Ka duba gindin bango, ka auna tazarar rijiya da masai, ka tambayi mai shagon bakin layi iyakar inda ruwa ke kaiwa. Ka nemi ganin takardar kuɗin wuta, domin bashin da ke kan mita yakan tsaya a gidan bayan mai shi ya tashi.

4. Dillali ya haɗa ku, amma kada ya raba ku. Ba na cikin masu zagin dillalai. Akwai masu amana waɗanda da ba su ba, da ba ka ji labarin gidan ba ma, kuma la'adarsu halal ce. Matsalar takan fara ne idan ka ce kana son ganin mai gida aka ce maka "Alhaji ya yi tafiya, ni ne komai nasa." A nan ake ɗora kuɗi a kan abin da mai gida ya sallama, a nan ake sayar wa mutum biyu gida ɗaya. Ka dage sai kun zauna ido da ido. A yanke la'ada tun kafin tayi, a faɗi wanda zai biya. Kuɗi kuwa ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gida. A rubuta komai a gaban shaidu da lauya, ko da mai sayarwar abokin sahunka ne a masallaci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yanzu muna jin nauyin cewa ɗan'uwa ya sa hannu.

5. Kada ka sallama kafin ka san inda za ka sa kanka. Mutanen Kaduna sun san wannan fiye da kowa. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, gari ya rabu: Musulmi da yawa suka baro unguwannin ƙetaren kogi suka nufo Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci suka koma su Sabon Tasha da Narayi. Wasu sun yi musayar gidaje, wasu sun sayar a wulaƙance domin tsira da rai, kuma ba mai zarginsu. Wanda nake tausayi shi ne mai sayarwa lafiya lau, ba wanda ya kore shi, ya zuba kuɗin a banki yana cewa zai nemi wani a hankali. Wani maƙwabcinmu ya yi haka a farkon 2023. Aka cire tallafin mai a watan Mayu, darajar naira ta faɗi, kafin a kai tsakiyar 2024 buhun siminti ya taɓa haura naira 10,000. Kuɗin da ya karɓa na gida mai ɗaki shida bai iya saya masa mai ɗaki uku a unguwar ba. Yanzu haya yake biya, shi da iyalinsa.

Idan dole ce ta sa ka, rashin lafiya ko bashi ko rabon gado, ka fara yin tayin inda za ka koma, ka sa ranar tashinka a cikin takardar ciniki. In akwai 'yan haya a gidan, ka sanar da su da bakinka, ka ba su wa'adinsu cikakke. Sannan ka faɗa wa mai saye duk aibin da ka sani a gidan, har da wanda fenti ya rufe, tun kafin ya biya kafin alƙalami.