Daga Panteka Zuwa Garejin Gida: Yadda Ake Ɗaga A-kori-kura Lami Lafiya

Duk wanda ya san Kaduna ya san Panteka. Kasuwa ce ta masu sana'ar hannu da ke maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, a yankin Tudun Wada. Tun kafin mutum ya shiga zai fara jin ƙarar guduma da ƙugin injin yankan ƙarfe. A nan ake zuba tukwanen dalma, ana walda ƙofofi da tagogi, ga kafintoci, ga kuma rumfunan kayan gyaran mota iri-iri. Da yawa daga cikin masu aikin matasa ne sa'o'inku, wasu ma sai an tashi daga makaranta suke zuwa koyon sana'a.

Kaduna gari ne mai tsohuwar alaƙa da mota. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, kuma a-kori-kura ƙirar 404 da 504 sun daɗe suna jigilar hatsi da dabbobi zuwa kasuwannin ƙauye. Yanzu Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ita ce ta fi yawa a titunanmu. Tambayar da ta kai shafinmu ziyara a wannan mako ita ce: yaya ake ɗaga mota mai nauyin kusan tan 2 sama, mutum ya yi aiki a ƙarƙashinta, ya kuma fito lafiya?

Hanyoyin da muka fi sani biyu ne. Akwai rami, wanda ake hawa da mota kansa, bakanike ya sauka ciki ya yi aiki a tsaye. Akwai kuma jak, wanda ake ɗaga gefe guda da shi. Daga Panteka sai wani mai sayar da kayan gyara ya yi mana kwatancen gidan wani dattijon bakanike da ya bar aikin kasuwa, ya buɗe ƙaramin gareji a cikin gidansa. A can muka ga hanya ta uku: na'urar ɗaga mota mai ƙafafun almakashi.

Idan na'urar tana kwance, ba ta wuce faffaɗan ƙarfe a shimfiɗe a ƙasa ba, har mota za ta iya bi ta samansa. Da an danna maɓalli sai ƙafafunta, waɗanda aka gicciya su kamar almakashi, su fara miƙewa, su ɗaga motar zuwa kimanin mita 1. Abin da ke tura su mai ne da famfo ke matsawa ta cikin tiyo zuwa fistin.

Ɗaliban ajin kimiyya za su tuna da dokar Blaise Pascal, masanin nan ɗan Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662. Ya nuna cewa idan aka matsa ruwa ko mai a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Misali, idan ƙaramin fistin yana da faɗin murabba'in santimita 1, babban kuma 50, to nauyin kilo 20 a kan ƙaramin zai iya riƙe kilo 1,000 a kan babban. Sai dai ba kyauta ake samun wannan ƙarfi ba: sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 50 kafin babban ya motsa santimita 1. Wannan lissafin da kuke yi a allo shi ne ke ɗaga Hilux.

Mun tarar da a-kori-kura mai ƙofa huɗu tana jiran gyaran birki. Kafin Baba ya taɓa maɓalli, sai da ya sa yaransa suka sauke buhunan siminti biyu da ke bayanta. Muka tambaye shi, "Baba, buhu biyu kacal har sai an sauke?" Ya ce, "Yarana, na'ura ba ta san kacal ba. Ku zo ku karanta abin da aka rubuta a jikinta." A jikin kowace irin wannan na'ura akwai ɗan farantin da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka. Ƙananan da ake sa wa a gida galibi suna tsayawa ne a kilo 2,700 zuwa 3,000. Motar ita kaɗai ta ci kusan 2,000, kuma kaya a baya suna karkatar da nauyin zuwa gefe guda.

Daga nan ya nuna mana daɓen. Kankare ne mai kauri, a baje, ba tudu ba gangara. Masu ƙera irin waɗannan na'urori sukan nemi kankaren da ya kai kaurin santimita 10. A kan turɓaya ko ƙasar da ruwan damina ya jiƙa, ƙafa ɗaya na iya nutsewa, motar ta karkace. Ya kuma ɗaga kai ya duba rufin garejin, domin a-kori-kura doguwa ce, kanta na iya dukan silin ko fanka.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne neman wurin da za a tokare motar. A-kori-kura ba kamar ƙaramar mota take ba. An ɗora bodinta ne a kan shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kama da tsani da suka taso daga gaba har baya. A kan shasin ake sa robobi huɗu na na'urar, a wuraren da littafin motar ya nuna. Ba a tokarar bodi, domin zai lotsa. Ba a kusantar tankin mai, ko salansa, ko siraran bututun man birki. Tunda shasin yana can ciki, sama da matakalar gefe, akan ƙara wa robobin tsawo da ƙarafan da aka yi musamman don haka, ba da guntun katako da aka tsinta ba.

Akwai kuma batun daidaito. Injin yana gaba, baya kuma fayau, don haka tsakiyar nauyin motar ya fi kusa da gaba fiye da yadda ido ke gani. Sai da aka ja motar gaba da baya sau uku kafin Baba ya gamsu. Aka ja birkin hannu, aka kashe injin, kowa ya fita, aka sassauta notocin taya tun tana ƙasa.

Sannan aka danna maɓalli. Da tayoyi suka bar ƙasa da kamar taƙi ɗaya, sai aka tsaya. Baba ya zagaya ya leƙa robobin huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kama bamba ya jijjiga motar. Dalilin a fili yake: idan za ta zame, gara ta zame daga nan da ta faɗo daga sama. Da ta tsaya daram aka ci gaba.

Tana hawa muna jin ƙas, ƙas, ƙas. Wannan ƙarar sakata ce da ke faɗawa cikin haƙoran ƙarfe. Da aka kai inda ake so, sai aka ɗan sauke na'urar har nauyin ya zauna a kan sakatar. Baba ya ce, "Mai ɗagawa yake yi, ƙarfe ke riƙewa." Tiyo na iya fashewa, roba na iya yoyo, kuma idan hakan ta faru ba a samun lokacin gudu. Idan aikin na cire abu mai nauyi ne, kamar giyabos ko aksil na baya, to daidaiton motar zai canza nan take, don haka akan ƙara dogayen ƙarafan tokara a gaba da baya.

Saukewa ma tana da ƙa'ida. A kwashe sifana da duk wani abu daga ƙasa, a yi magana da ƙarfi kowa ya ji, a tabbatar babu ƙaramin yaro kusa. Ƙafafun na'urar suna rufewa ne kamar almakashi, kuma ba sa bambanta ƙarfe da yatsa. A yawancinsu sai an ɗan ɗaga sama kafin sakata ta saki, shi ya sa Baba ya ajiye janareta saboda ɗauke wuta. A tsakar gida ya ajiye shi, domin hayaƙinsa da na mota suna ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke kisa a rufaffen ɗaki.

Mun san yawancinku ba za ku ci karo da irin wannan na'ura a garejin unguwa ba. Amma hutu na zuwa, kuma wasunku za su tafi koyon kanikanci, inda ƙaramin yaro ne aka fi turawa ƙarƙashin mota saboda jikinsa ya fi shiga. Ƙa'idar ɗaya ce ko da jak ake aiki. A sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. Kada ku shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada ku yarda da bulon siminti a matsayin tokara, domin ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci guda. A nemi ƙafafun ƙarfe da aka yi don wannan aiki, a kuma tura tayar da aka cire ƙarƙashin shasi don ƙarin kariya. Idan aka ce ku shiga alhali ba a tokare ba, ku ce cikin ladabi, "Oga, bari in kawo tokara tukuna." Maigidan kirki ba zai yi fushi da wannan ba. Sannu ba ta hana zuwa.