Ɗamarar Hawa Gini da Takardarta

Kayan da muke sayarwa a Adjamé kashi biyu ne a wurina: wanda in ya lalace a yi tsaki, da wanda in ya lalace a yi jana'iza. Ɗamarar da magina ke ratayawa a saman bene tana kashi na biyu. Abidjan kuwa sama take ta yi, ga dogon benen Tour F can a Plateau, don haka masu nemanta sun yawaita.

Abin da wannan sana'a ta koya mini shi ne, takarda ake fara saye kafin kaya. Tun 2019 ake tilasta tsarin VOC a ƙasar nan: kayan da ke cikin jerin, in kuɗinsu ya kai sefa miliyan 1, sai an duba su a ƙasar da aka saye su, kafin a loda. Bureau Veritas, SGS, Intertek ko Cotecna ke ba da shaidar. Wani maƙwabcina ya sayo ɗamara a Guwanzu da araha, mai shagon ya ce masa takarda ba matsala. Kwantenarsa ta yi makonni a tashar jirgin ruwa, kuɗin ajiya na ta hawa. Da na same shi a Treichville ya ce, "Alhaji, ribar ta tafi, uwar kuɗin nake nema." Na tausaya masa ƙwarai, amma duwan ba su zalunce shi ba.

Ni in ɗamara ta zo hannuna, ɗan ƙyallen da aka ɗinka a bayanta nake fara ɗagawa. In ga lambar ƙa'idar inganci ta EN 361, in ga watan da aka yi ta da lambarta. Sannan in bi ɗinkin da babban yatsa, in juya ƙarfen da ke tsakanin kafaɗu, domin shi zai riƙe mutum in ƙafarsa ta zame. Alamar CE kaɗai ba ta ishe ni ba. Kowa na iya buga ta.

Masu dira daga jirgin sama sun fi mu tsanani. A Amurka, laimar ko-ta-kwana sai mai lasisi ya sake naɗe ta duk kwana 180, ko ba a taɓa buɗe ta ba. Mu nan ɗamara kan shekara a rana da ƙurar siminti ba mai dubawa. Shi ya sa nake gaya wa duk mai saye: wadda ta taɓa tare mutum daga faɗuwa, a yanka ta da wuƙa, kada wani yaron magini ya tsince ta.