Kama da Wane Ba Ta Wane

Akwai wani dattijon direba a Kano wanda ya shekara talatin da 'yan kai bisa hanya. Da Marsandi 911 ya koyi tuƙi, irin wadda in ka taka totur, sandar ƙarfe ce ke tashi daga ƙarƙashin ƙafarka har famfon gas, ta buɗe wa injin mai. Kadan abin ya ɓaci, ido na gani, hannu na gyarawa, ko da a tsakiyar daji ne. Da ya ga girma ya soma kama shi, sai ya sayar da gonarsa ta gado, ya ciwo bashin cikon, ya sayi motar kansa, wata tsohuwar gingimari ƙirar 1998 wadda ta gama aikinta a Turai.

Ran nan da asuba, ana tsakiyar kakar tumatir, ga lodi na jiransa a Kwanar Gafan za shi Ikko, ya ta da mota, ya taka totur, injin ya ƙi ɗagawa, sai gunaguni yake a silo. Ya sake matatar mai, ya sa aka duba nozul, duk a banza. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa, aka ba wani lodin.

To, ga abin da dattijon bai sani ba. Tun 1987, sa'ad da kamfanin Detroit Diesel na Amurka ya fito da injin Series 60, manyan motoci suka kama hanyar barin sandar nan, aka koma ga lantarki. A irin motarsa, wata 'yar na'ura ce a gindin totur, ba ta fi gidan ashana ba, makanikai na ce mata sensa. Ƙwaƙwalwar mota takan aika mata wuta bolt 5, ita kuma ta mayar da wajen rabin bolt in ƙafa na sama, ya yi ta hawa har ya wuce 4 in an taka ƙwarai. Da wannan awo ƙwaƙwalwa ke sanin yawan man da za ta ba injin. A cikin na'urar akwai ɗan harshen ƙarfe mai gogar wani baƙin layi, yau da gobe sai layin ya cinye daidai inda ƙafa ta fi zama. Da awo ya rikice, ƙwaƙwalwa sai ta hana mai, gama gara mota ta tsaya da ta zabura ba da izinin direba ba.

Wani yaro mai rewaya ne ya gano haka da mitarsa. Ya ce, “Baba, ka kwafi lambar da ke jikinta, da ta shasi, kafin ka shiga kasuwa.” Dattijo ya ce, “Yaro, tun ba a haife ka ba nake sayen kayan mota da ido.” Ya sa matacciyar a aljihu ya nufi Kofar Ruwa.

Wadda ya fara samu, kai ka ce tagwaye ne da tasa, amma bakin wayarta ya ƙi shiga. Ya tafi Panteka a Kaduna, ya samo ta biyu, ta zauna daram, ya yi murna. Ashe ita juyinta daban ne, in an taka, wutar raguwa take maimakon ta ƙaru, ƙwaƙwalwa ta ƙi karɓa. Masu sayarwa ba su cuce shi ba, abin da ya nuna da yatsa shi suka ba shi. Kwana goma sha biyu ke nan mota na kwance, yaran mota sun watse, mai bashi ya aiko sau biyu, har dattijo ya soma tunanin sayar da tayoyi.

Da abin ya ishe shi, ya koma wurin yaron nan da kansa, ya ce, “Ɗana, ina lambar da ka ce?” Yaro bai yi masa gori ba. Ya goge bayan matacciyar da fetur, lamba ta fito, ya rubuta, ya haɗa da ta shasi, haruffa da alƙaluma 17. Aka aika wa wani ɗan kasuwa a Ladipo ta waya, bayan kwana uku ga ta a motar haya, tsohuwa ce, fuskarta ma ta ɗan saɓa da ta farko. Yaro ya ɗaura, bai ƙulle kusoshi ba sai da ya juya ta kaɗan kaɗan, mita ta nuna awon silo daidai. Dattijo ya hau, ya yi bismilla, ya taka, injin ya amsa.

Ya tarar da ƙarshen kakar, ya biya rabin bashin, aka ɗaga masa sauran zuwa baɗi. Gona dai ba ta dawo ba tukuna. Amma yanzu akwai wani ɗan littafi da yake ajiyewa tare da lasin ɗinsa, kowane ƙarfe na motar nan da lambarsa a ciki. In wani direba ya zo masa da ƙarfe a hannu yana tambayar inda za a sami irinsa, ba ya ko dubawa, sai ya miƙa masa fensir.