Magen Abuja da makeron autata

Ƙanena ne ya kawo ta daga Abuja a cikin kwali, wai tsarabar yara. Fara ce sol, hanci a baje, gashi har yana share ƙasa. Ya ce irin ta Farisa ce, ƙasar da yanzu ake kira Iran. Mu nan Assakio aikin mage kamun ɓera ne a rumbu da ɗakin doya, ba wanda ke taje ta. Da ya miƙo mini matajin ƙarfe tare da ita, dariya na yi, na jefa shi cikin kayan kitso.

Hunturu na shigowa gashin ya fara cukurkuɗewa. Ƙura ta shiga, ƙashin yawo ya manne, hammatarta da bayan kunne da gindin wutsiya duk suka dunƙule kamar audugar tsohon matashi. Magen gida harshenta ya ishe ta gyara jikinta. Ita wannan sai ta yi ta lasa, ta haɗiye gashin, ta amayar mini da shi a tabarma. Na riƙa sharewa ina mita, ban ɗauko matajin ba.

Sai autata, 'yar shekara 5, ta kama susar kai. Da na tsefe mata kitso na ga wani zagaye kamar kwabo, gashin wurin ya kakkarye, ga furfuɗin fari. Makero ne. A asibiti a Lafiya, kafin likita ya rubuta komai ya ce, “Hajiya, akwai mage a gidan?” Ya bayyana mini cewa ƙwayar cutar a gashi take zama, kuma mage mai dogon gashi tana iya ɗauke da ita ba tare da an ga tabo ba. Na kai kuma shafawa kaɗai ba ta kai wa saiwar gashi, sai an sha magani. Sati shida muka yi, yarinya tana zuwa makaranta da ɗankwali saboda tsokanar yara. Wannan ya fi komai ci mini rai, don sakacina ne.

Shawara kuwa ba irin wadda ban ji ba. Maƙwabciyata ta ce, “Maman yara, ki shafe ta da kananzir, ko ki fesa mata fiya-fiya.” Surukata ta ce a kai ta bayan gari kawai. Likitan dabbobi da muka je wurinsa ya riƙe baki. Duk abin da aka shafa wa mage sai ta lashe shi, in ji shi. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin yana kashe ta, haka ma farasitamol. Ya hana ni sa almakashi, domin fatarta siririya ce, tana biyo dunƙulen sama, sai a yanke ta ba a sani ba. Da injin aski ya sauke gashin. Abin da ke ƙarƙashi ban so na tuna: ƙuma, da fata ja da ta yi ruwa. Ita ma sai da ta sha nata maganin, muka wanke shimfiɗu da ruwan zafi.

Yanzu kullum bayan la'asar ina ba ta minti biyar. Mataji mai faɗin haƙora nake fara sawa, na riƙe gindin gashin da yatsu, na taje daga baki ina yin ciki, kamar dai tsifar yarinya mai kuka. Hammata da ciki su ne wurin faɗa, don haka nake barin su ƙarshe. Matajinta daban, ba ta hawa gadon yara, wanda ya taɓa ta kuma sai ya wanke hannu da sabulu. In zafin bazara ya matso a watan Maris, mukan rage mata gashin ciki.

Wata ƙawata ta ga hotonta ta ce na nemo mata irinta. Na ce ta zo ta riƙe mini ita sati ɗaya tukuna. Gashin autata ya tofo, an yi mata kitson Sallah. Magen kuwa har yau ba ta kama ɓera ko ɗaya ba, kuma Inna ba ta fasa tuna mini ba.