Yaron Da Muka Sani Da Gudu Ya Zauna A Ofis

A watan Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars. Masu sharhin wasanni suka yi ta ka-ce-na-ce a kan ko ya dace ko bai dace ba. Mu kuwa da muka fara jin sunansa a rediyo muna samari a Gummi, abu na farko da labarin ya gaya mana shi ne girma ya kama mu. Yaron da ake cewa ko sha takwas bai cika ba, yau shi ne mai sa hannu a takardun albashin wasu.

Wanda bai san yammacin Zamfara ba zai yi mamakin me ya haɗa mu da kulob ɗin Kano. Muna da tamu, Zamfara United, tana karɓar baƙi a filin wasa na tunawa da Sardauna a Gusau, kuma a wancan lokacin tana cikin babbar gasar ƙasa. Amma daga Gummi zuwa Gusau ma tafiya ce, sai ka bi ta Daki Takwas, ka ratsa Anka, kafin ka fara tunanin isa. Yawancinmu da kunne muke kallon ƙwallo, kunne kuwa mai nasara yake bi. Pillars ta ci gasar Nijeriya a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Tun daga nan kirarin Pillars na "Sai Masu Gida" ya shiga bakin yaran da ko hanyar Kano ba su sani ba.

Ina da kawu a Anka, tela ne, Allah Ya jiƙansa. Rediyonsa a rataye take a ƙusa saitin kan keken ɗinki, an ɗaure bayanta da robar tayar keke don kada batir ya zubo. In lokacin labarin wasanni ya yi sai ya ɗauke ƙafa daga keke, ya ɗaga hannu ɗaya, kowa ya yi shiru, har mai jiran rigar Sallah. A wurinsa na fara jin sunan Ahmed Musa. Yaro ne da aka haifa a Jos a 1992, ya tashi a Bukur, ya ɗan taɓa wasa a kulob ɗin JUTH, sannan Pillars ta ɗauke shi. A kakar 2009 zuwa 2010 ya zura ƙwallo 18, adadin da ya zama sabon tarihi a gasar, Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Kawu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, wanga yaro ba shi daɗewa Kano." Bai ƙara komai ba, ya mayar da ƙafa kan keke. Kafin shekarar ta fita yaro yana VVV-Venlo a ƙasar Holan.

Ba zan iya tuna 2010 da ƙwallo kaɗai ba. Ita ce shekarar da aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Farar motar likitocin ƙasashen waje tana wucewa ta gaban shagon kawu, ana zaman makoki a unguwa, da yamma kuma samari su taru su ji ko yaron Pillars ya ci. Wasu dattawa na ganin rashin ta-ido ne. Ni dai a ganina mutane na neman abin da za su ɗan huce da shi ne, kuma babu mai araha kamar rediyo.

Mu ma muna buga tamu. Filin firamare ne, raga kuwa sanduna biyu da igiya a sama. Takalmin ƙwallo mutum uku ko huɗu ke da shi a cikin sha ɗaya, sauran roba ce ko tafin ƙafa. Bayan an gama girbi sai a haɗa kuɗi a ɗauki akori-kura, a tafi wasan sada zumunci Bukkuyum ko Anka, ana kiɗa a jikin mota har a isa. A buga, a yi musu da rafali, a ci tuwon masu masauki, a kamo hanya bayan isha'i babu fargabar komai sai ta fashewar taya. Kowane gari yana da nasa mai gudun da ba a kamawa, kuma daga 2010 duk sunansu ya koma ɗaya. Ko ɗan Fulanin da ke buga mana lamba bakwai, wanda bai taɓa ganin hoton mutumin ba, Ahmed Musa ake kiransa.

Hoton ya zo ne da gidajen kallo. A farkon 2012 ya koma CSKA Moscow, inda ya ci gasar Rasha sau uku, sai dai ba a cika nuna wasannin Rasha a wurinmu ba. A rigar Super Eagles muka san fuskarsa. Yana cikin yaran Stephen Keshi da suka ɗauko kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 2013, har ya ci ɗaya daga cikin huɗun da aka zuba wa Mali a wasan kusa da ƙarshe.

Ranar da ba ta fita a raina ita ce Laraba, 25 ga Yunin 2014, saura kwanaki kaɗan a kama azumi. Nijeriya da Ajantina a Porto Alegre, ƙarfe biyar na yamma agogonmu. Mako guda kafin nan bom ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu, don haka mai gidan kallonmu ya tsaya a bakin ƙofa da kansa, yana karɓar naira hamsin-hamsin yana duban fuska, wanda bai sani ba sai wani ya tsaya masa. Rumfar kwano ce, benci a jere, mutane sun dawo daga noma da ƙasa a ƙafafunsu, ga ƙarar janareto a bayan katanga da yaro zaune kusa da shi riƙe da galan ɗin fetur. Minti uku da farawa Messi ya ci. Ba mu gama salati ba Ahmed ya karɓi ƙwallo a hagu, ya lanƙwaso ciki, ya murɗa ta da ƙafar dama ta faɗa can kusurwa. Bencin gaba ya kife da mutanen da ke kansa. Messi ya sake ci da bugun tazara dab da hutun rabin lokaci, ana dawowa Ahmed ya sake farkewa. Wani tsoho mai sayar da goro, wanda tun farko ya ce shi zafi ya koro shi inuwa ba kallo ba, ya miƙe tsaye yana daka wa talabijin tsawa: "Ku ba shi ƙwallo shi tahi da ita!" An ci mu uku da biyu, amma muka fito muka nufi masallacin magariba kamar mu muka yi nasara. Kafin wannan rana babu ɗan Nijeriya da ya taɓa cin biyu a wasa guda na gasar cin kofin duniya.

Zamansa a Leicester City, wadda ta saye shi a 2016 kan kuɗin da ya haura fam miliyan 16, bai yi armashi ba. Ya ci Barcelona biyu a wasan share fage, ya ci Everton biyu a kofin FA, sauran kwanakin yawanci a benci ya yi su. Masu goyon bayan kulob-kulob ɗin Ingila a cikinmu suka fara cewa gudu ne kawai babu dabara. Amsarsu ta zo ranar Juma'a, 22 ga Yunin 2018, mako guda bayan ƙaramar Sallah, a Volgograd. Victor Moses ya kwaso ƙwallo daga dama, Ahmed ya tare ta a sama da ƙafa ɗaya, ya ɗirka ta a ragar Iceland. Ta biyu kuwa ya wuce mai tsaron baya, ya yanke gola, ya tsaya ya zaɓi inda zai saka. Ƙwallo huɗu ke nan a gasar duniya, har yau babu ɗan Nijeriya da ya kamo shi.

A lokacin gidan kallon ya riga ya fara raguwa. Wasannin dare aka fara bari, sannan tafiye-tafiyen akori-kura. Ya tafi Al-Nassr ya ci gasar Saudiyya a 2019, ya dawo Pillars na ɗan lokaci a watan Afrilun 2021, ya wuce kulob ɗin Fatih Karagumruk na Turkiyya. A Satumbar wannan shekara aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako. Waye ke ta Fatih Karagumruk? Abokan wasanmu na Bukkuyum wasu sun yi hijira zuwa Gummi, wasu Sakkwato, wasu sai dai addu'a. Da ya sake dawowa Kano a Oktoban 2024, tare da maƙwabcinmu Basakkwace Shehu Abdullahi, yawancinmu a waya muka gani, kowa a ɗakinsa.

Yanzu ga shi a kujera, kuma a nan nake da magana.

Ba shi ne na farko ba. Gwamnan Abiya Alex Otti ya ba Nwankwo Kanu shugabancin Enyimba a 2023, Samuel Eto'o kuma ya hau shugabancin hukumar ƙwallon Kamaru a 2021. Gwamnoni na son irin wannan naɗi, domin suna ne da ba ya buƙatar talla. Kuma akwai abin da tsohon ɗan wasa ya sani wanda ɗan siyasa bai sani ba. Ya san yadda ɗan wasa ke ji in wata ya mutu babu albashi, in alawus ɗin nasara ya maƙale a wani ofis, in an kwana a mota daga Kano zuwa Uyo sannan a ce ya fito ya yi gudu na minti casa'in. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata 'yan wasa, ciki har da Gambo Muhammad. Wanda abokansa ke cikin irin wannan mota ba sai an yi masa bayanin amfanin tikitin jirgi ba. Ahmed kuma ya ga yadda ake tafiyar da kulob a Mosko, Ingila da Riyad, ya gina cibiyar wasanni da kuɗinsa a Hotoro. Ba baƙo ba ne a harkar lissafi.

Sai dai kulob ɗin gwamnati aljihunsa ba a hannun manaja yake ba. Rubuta takarda yake yi ya jira, ya sake rubutawa ya sake jira. Mutumin da duk rayuwarsa sauri ne ya fisshe shi, yanzu an ba shi aikin da haƙuri da bin ofis-ofis ke yi. Ga kuma magoya baya waɗanda tun 2014 rabonsu da kofin gasar ƙasa, bayan sun ci uku a jere, suka kuma ɗanɗani faɗuwa zuwa ƙaramar gasa a 2022. Wata uku da naɗa shi aka ga irin zafin da ke cikinsu. Ranar 12 ga Oktoban 2025 Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi a filin Sani Abacha, 'yan kallo suka afka cikin fili, aka taɓa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9.5, ta zabtare mata maki uku da ƙwallo uku, ta rufe filin, aka koma karɓar baƙi a Katsina. Ahmed ya fito ya ba da haƙuri, bai laɓe a bayan rafali ba. Wannan na yaba masa, domin shugabannin kulob a ƙasar nan ba su saba ba.

Abin da ban yaba ba shi ne karɓar kujerar da ya yi alhali rigar wasa na jikinsa. A Disambar 2025 ya yi sallama da Super Eagles bayan wasa 111, kuma da ma a ce tun ranar naɗin ya yi irin wannan sallama da filin Pillars. Ka ɗauki kanka a matsayin koci. Minti sittin ya yi, lamba bakwai ya gaji, kana son canji, amma lamba bakwai ɗin shi ne mai gidanka a ofis gobe da safe. Ko da Ahmed bai taɓa ɗaga gira ba, kocin zai yi tunani sau biyu, yaron da ke zaune a benci kuma zai yi shiru da abin da ke ransa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ina faɗin haka ne a matsayin wanda zai fi kowa kewar ganinsa yana kwasar gefe.

Sauran maganar ta gida ce. Remo Stars da ta ci gasar 2025 a Ikenne take, ƙaramin gari a Ogun, kuma da makarantar horar da yara ta gina kanta. Shi ma Ahmed daga makarantar GBS ta Jos aka tsinto shi, don wani ya je ya tsaya a bakin fili ya duba. Duk shekarun da muka yi muna buga ƙwallo a Gummi ban taɓa ganin wani babban kulob ya aiko mai duba yara ba, tun ma hanya na da lafiya. Yaran suna nan har gobe, ciki har da 'ya'yan waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, suna bugawa a filayen makarantu tsakanin la'asar da magariba. Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da aka zaɓa a 2022, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, ɗan jiharmu ne, ya san inda nake nufi.

Don haka, Ahmed, ga roƙo. In ƙaramar Pillars za ta yi gwajin sababbin yara, a aiko mana da sanarwa a kan lokaci. In hanyar Anka ta hana mutanenka zuwa, a sa gwajin a Gusau ko Sakkwato. Kuɗin motar yaran mu za mu haɗa.