A Bar Shi A Kunne Ko A Zare Shi Daga Bango?



Maganar yau ba ta alƙalami ba ce kai tsaye, amma ta shafi aljihun da yawa daga cikinmu. Tun da karanta labari da murya ya zama kasuwa, ana ɗorawa a YouTube ana turawa ta WhatsApp, kusan kowannenmu ya ajiye wani abu mai sauti a ɗakinsa. Wani makirufo ne da 'yar na'urar haɗa sauti, wani amfilifaya ce da lasifika biyu da ya sayo na hannu, wani kuma tsohuwar rediyon gidansu ce ya gada. Ba da kuɗin tsintuwa muka saye su ba. A cikinmu akwai wadda kwasar adashenta gaba ɗaya ta tafi a kan kayan nan, kuma idan suka ƙone yau, sai dai ta koma ɗaukar murya da wayar hannu. Shi ya sa gardamar da ke yawan tasowa a tsakaninmu ba ta wasa ba ce: idan an gama amfani da su, a kashe ne ko a bar su a kunne?

Wanda ya leƙa intanet zai tarar masu son kiɗa na Amurka da Turai sun daɗe suna wannan musu, kuma masu cewa a bari a kunne ba shirme suke yi ba. Hujjarsu ita ce lokacin kunnawa shi ne lokacin da na'ura ta fi shan wahala. A cikin amfilifaya akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasito, aikinsu tara wuta. Idan na'ura ta kwana a kashe sun zama wayam, da ka danna makunni sai su zuƙi wuta da ƙarfi lokaci guda kamar raƙumin da ya kwana uku bai ga ruwa ba. Mun san misalinsa a gida: tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, yawanci lokacin da aka kunna shi yake yin fat ya mutu, ba yana tsakiyar ci ba. Sannan ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi, ya tsuke idan ya huce, kuma yawan wannan buɗewa da tsukewa yana iya tsattsaga dalmar da aka liƙa wayoyi da ita. Wasunsu kuma suna rantsuwa cewa sauti ya fi daɗi idan na'ura ta yi ɗumi. Wannan ta ƙarshe tana da asali, domin kafin a ƙirƙiro tiransisto a 1947, rediyo da amfilifaya da wasu kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila suke aiki, kuma sai sun yi zafi sauti yake fita. Su kam dole a jira su. Amma ko su ba a so a bar su a kunne dare da rana, domin cinyewa suke yi a hankali muddin suna ci.

To duk mun ji. Abin da ba a faɗa a cikin waɗancan rubuce-rubuce, saboda su ba su da dalilin faɗarsa, shi ne wutar da suke magana a kanta ba ta ɗaukewa. Mutumin da zai yi shekara bai ga an ɗauke wuta ba, idan ya ce ya bar amfilifayarsa a kunne, to a kunne take. Mu kuwa idan muka bar ta a kunne muka fita, ba mu bar ta a kunne ba, mun dai miƙa makunninta ga wani wanda ba mu taɓa gani ba, ya kashe sanda ya ga dama, ya kunna sanda ya ga dama, wata rana sau biyar kafin la'asar. Ke nan hujjar da suka kafa don a bari a kunne, idan ta iso garinmu ita ce take cewa a kashe. Idan kunnawa ce ke gajiyar da na'ura, gara ta zama sau ɗaya a rana da hannunmu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kuma ba kowace kunnawa ce iri ɗaya ba. Wutar gida a Nijeriya a ƙa'ida bolt 230 ce, amma a daƙiƙun farko da aka dawo da ita ba ta cika zuwa a daidai ba. Wani lokaci ta zo da ƙarfi fiye da kima, wani lokaci ta zo a raunane har ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, wani lokaci ta zo ta koma ta sake zuwa. Firji da famfon ruwa da fankokin unguwa duk suna tashi lokaci guda. Mafi muni shi ne ranar da wayar da masu gyara ke kira nutural ta tsinke ko aka sace ta a jikin taransifoma. A irin wannan rana wutar da ke shiga wasu gidaje tana iya haurawa ta doshi bolt 400. Mun ga haka da idonmu a unguwarmu wani dare: fitilu suka yi wani irin haske fari ƙal, sai ƙauri ya fara fitowa daga gida gida. Da safe layi aka yi a shagon mai gyaran rediyo. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yawancin kayan da suka ƙone a kashe suke, a ganin masu su.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu fahimci abin da ake nufi da kashewa. Idan ka danna rimot sauti ya ɗauke amma 'yar jar fitila tana ci, na'urar ba ta mutu ba, gyangyaɗi take yi, kuma sashen da ke karɓar wuta yana nan a haɗe da layi. Ko maɓallin da ke gaban wasu na'urorin ma haka yake, ba ya raba su da bango. Kashewa ta gaskiya ita ce a kashe makunnin soket, wadda ta fi ta kuwa a zare fulogi. Da damina idan hadari ya haɗo, zarewar ce kaɗai abin yi, har da wayar eriya, domin tsawa ba ta jin kunyar ɗan ƙaramin makunni.

Wani zai ce ai yana da sitabilaiza. Madalla, tana da amfani, musamman idan an danna maɓallin jinkirinta yadda za ta ɗan dakata kafin ta saki wuta. Amma aikinta daidaita wutar da ta ɗan hau ko ta ɗan sauka ne, ba ta tare tsawa, kuma ita ma tana ƙonewa. Haka janareta: lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana tari yana shaƙewa, wutar da yake bayarwa hawa da sauka take yi, kuma amfilifaya ba ta son wannan ko kaɗan.

Sai zafi, wanda mu ne muka fi kowa saninsa. Masu ƙera kafasito suna da wani lissafi da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage tsawon rayuwarsa da kusan rabi, saboda akwai ruwa a cikinsa da ke bushewa sannu a hankali. Yanzu ka ɗauki ɗaki mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, zafin waje ya wuce digiri 40, ka ƙara da zafin da na'urar ke haifarwa da kanta, sannan ka tuna da kyakkyawan ƙyallen nan mai aikin saƙa da iyayenmu mata ke lulluɓe kayan kallo da shi don kada ƙura ta shiga. Ƙyallen yana da gaskiyarsa, ƙurar hunturu ba ta da kirki, ita ce ke sa maɓallin ƙara sauti ya riƙa ƙarar ƙwar-ƙwar idan an murɗa. Amma a kan na'urar da ke kunne, toshe mata ramukan shan iska yake yi. A kashe, a bar ta ta huce, sannan a rufe. Ɗumin nan kuma gayyata ce ga kyankyasai, duk mai gyara zai ba ka labarin abin da yake tararwa idan ya kwance murfi.

Batun kuɗi ba zai ɗauke mu lokaci ba. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane kilowat na awa guda. Mu ƙaddara tsohuwar amfilifayarka tana cin wat 30 tana zaune ba ta cewa komai. Awa 20 a rana, kwana 30, ya zama kilowat 18, wato naira 4,050 a wata a wancan farashi, kuɗin shiru. Sababbin na'urori ba su kai haka ba idan suna gyangyaɗi, domin Tarayyar Turai ta ƙayyade musu rabin wat tun 2013, amma na hannun da ke cika kasuwanninmu da yawansu sun girmi wannan doka. Mai sola kuwa ba sai an gaya masa ba, batirinsa ne zai gaya masa da asuba.

Abin dariya, a littattafanmu babu ɗaya daga cikin wannan. Jarumi zai shigo falonsa ya tarar sanyayyen kiɗa yana tashi a hankali, ba wanda ya kunna, ba wanda zai kashe, kuma ba a taɓa ɗauke wuta a gidan ba tun daga shafin farko har auren ƙarshe. Mu da muke rubuta shi kuwa da fitilar waya muke gama babin.

Akwai dalili guda da ya sa gidaje da yawa ke barin rediyo a kunne da gangan, kuma mun fahimce shi: ita ce mai shela. Tsakar dare ka ji murya ta ɓarke a falo, ka san an kawo wuta, a tashi a sa caji, a yi guga, a tara ruwa. Sai dai wannan aiki ne da ƙwan fitila guda zai yi, ko 'yar ƙararrawar nan da ake sayarwa don haka, ba sai an sa kayan dubban nairori a bakin ƙofa su fara karɓar duk abin da ya shigo ba. Rediyon da tsohuwa ke bari tana magana a gefen gadonta har barci ya ɗauke ta kuwa, wannan ba ta cikin lissafinmu. Amfani ake yi da ita, hira take taya ta, kuma yawanci mai batir ce.

Ba kuma cewa muke a riƙa kashewa kowane minti ba. Idan kana tsakiyar ɗaukar murya ka tashi shan ruwa ko amsa sallama, rage sautin ka bar ta, kashewa da kunnawa a nan wahalar da ita ne kawai. Idan za ka bar gidan, ko za ka kwanta, ko aka ɗauke wuta kana zaune, a nan ne hannu zai kai bango. Kuma akwai tsari: wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, sautin kuma a ƙasa. Idan aka juya tsarin, wannan dum ɗin da kake ji lasifika ce ke karɓar duka. Masu makirufo mai buƙatar wutar bolt 48 daga na'urar haɗa sauti, a kashe wannan maɓallin kafin a cire ko a soka waya.

Na'urar da aka jingine ita ma tana da nata haƙƙin. Kafasito da ya yi shekaru bai ga wuta ba yana lalacewa, don haka tsohuwar rediyon da ke kan durowa a riƙa kunna ta jifa-jifa a ranar da wuta ta zauna daidai. A cire mata batir idan za ta daɗe a ajiye, kada ya zubar da ruwansa ya cinye ƙarafan. Wanda kuma har yanzu yake da rikoda da kasakasan Shata ko na tafsirin da mahaifinsa ya bari, kada ya tafi ya bar maɓallin kunna kaset a danne bayan an ɗauke wuta. 'Yar robar da ke jan zaren za ta kwana a matse ta lotsa, daga nan muryar ta fara rawa, wata rana kuma ta tauna zaren kaset ɗin da ba a sayar da irinsa a kasuwa.