Minti 35 a Ƙofar Mushtari

A daren 4 ga Yuli 2016, agogon Amurka, lokacin da Musulmi ke ban kwana da azumin Ramadan, kumbon nan mai suna Juno, wanda hukumar NASA ta harba ranar 5 ga Agusta 2011 babu mahaluki ko ɗaya a cikinsa, ya isa Mushtari, tauraron da malaman falaki na da suka lissafa cikin kawakibu bakwai masu tafiya, wanda kuma faɗin cikinsa ya isa ya haɗiye duniyarmu fiye da sau dubu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan al'amari shi ne sa'ar isowar kanta. Wajibi ne kumbon ya kunna injinsa tsawon minti 35 domin ya rage gudu har Mushtari ya kama shi, in ko ya saɓa, sai ya zarce cikin sararin da babu komowa. Alhali saƙo daga can, ko da yake da saurin haske yake tafiya, sai ya yi minti 48 kafin ya riske mu. Ashe ke nan, sa'ad da masanan da ke zaune a Kalifoniya suka sami labarin an kunna injin, aikin ya riga ya ƙare tuni, ko dai da nasara ko da hasara, ba su da ikon gyara ko da ƙwayar zarra. Iyakar tadbirinsu sun yi shi shekaru kafin nan: sun rufe ƙwaƙwalwar kumbon cikin akwatin ƙarfen titaniyom saboda gubar hasken da ke kewaye da tauraron, sun ba shi fikafikai uku masu zuƙar rana a wurin da haskenta bai wuce kashi ɗaya cikin 25 na wanda muke samu ba. Na jinjina wa irin wannan haƙuri ƙwarai.

Da kumbon ya zauna a falakinsa, yana kewayawa a wancan lokacin sau ɗaya cikin kwana 53, sai ya aiko da abin da ido bai taɓa gani ba: guguwa takwas sun yi wa guda ɗaya zobe a ƙuryar arewa ta Mushtari, biyar kuma a ta kudu. Ma'auninsa kuma ya nuna cewa cibiyar Mushtari, wadda aka daɗe ana zaton dunƙulalliya ce, a narke take, ta gauraya da iskar haidurojin da ke lulluɓe da ita.